Kadan Kogi

A unguwar Rebolo ta Barranquilla kowane namiji yana da pikon da yake goya wa baya, wato dodannin sifikun nan masu tsayin ƙofar gida da ake girkewa a bakin titi ranar biki, su yi ta ruri har kwanon rufi ya kama rawa. Aristóbulo Pertuz, wanda kowa ke kira Tobo, nasa na kansa yake goya wa baya. Matsalar guda ce: babu shi.

Suna dai akwai. Tun yana saurayi, lokacin da yake dakon akwatunan wani mai piko don a bar shi ya shiga filin rawa, ya raɗa masa suna Kadan Kogi. Ya san fentin da za a shafa masa, ya san ma pikon da zai fara kunyatawa. Da wannan labari ya nemi auren Ledis, ta kuma yarda, domin a lokacin ya iya rawa. Sai rayuwa ta zaunar da shi a shagon fotokwafi da ya yanka daga falon gidansu, yana buga wa mutane katin shaida da takardun makaranta. Furfura ta zo, tumbi ya biyo ta, Kada yana nan a baki.

"Baɗi war haka za ku ji shi," in ji shi ga abokansa na wasan domino.

"Wannan kada ya fi kowane kada haƙuri," Ledis kan amsa daga kicin. "Har yau bai fasa ƙwai ba."

Da 'yarsu Yuranis ta sami aiki a Medellín, sai ta aiko masa da ƙananan sifiku biyu na ɗorawa kan tebur, kowace ba ta fi bulo ba. Ya jona su da kwamfuta, ya saurara da ido a rufe, ya yanke hukunci: "Murya akwai, ƙirji babu." Bai huta ba sai da ya samo wufa ta hannu, wato akwatin da ke fitar da sauti mai nauyi, a wani gidan motsa jiki da ya rufe. A kafaɗa ya ɗauko ta, ya kuma zaɓi doguwar hanya don unguwa ta shaida.

Aiki irin wannan ba a yin sa ba 'yan shawara. Na farko shi ne Evaristo, uban baftismar Yuranis, abin da ya sa shi da Tobo suke kiran juna compadre, tsohon mai haɗa wa piko waya, wanda sana'ar ta cinye wa kunnuwa. Na biyu Nicanor direban tasi, wanda bai taɓa jin wata magana ya rasa ta cewa ba.

Evaristo ya zagaya teburin, ya taɓe baki. "Ina amfilifaya?"

"Yarinyar ta ce suna da tasu a ciki, compadre."

"Me?"

"SUNA DA TASU A CIKI!"

"A cikin wannan gwangwanin? Haba compadre! Ni fa na haɗa pikon da ya tsaga gilashin coci. Sifika ba amfilifaya ai mota ce ba inji."

Ya je gida ya kinkimo wata tsohuwar amfilifaya mai nauyin buhun siminti, ya fere waya da haƙori, ya cusa ƙarfinta duka a bayan sifikar hagu. Aka kunna. Ta ce "fat!", wani siririn hayaƙi ya tashi, shagon ya ɗauki ƙaurin roba.

"Kayan yanzu ba su da juriya," in ji Evaristo, yana goge hannu.

Da sifikar ta dawo daga wurin mai gyara, sai Nicanor ya karɓi ragama. Ya zo da wata waya mai reshe biyu daga motarsa, ya soka a ramin abin kunne na kwamfuta, ya raba sauti gida biyu. Abin da ya fito gunji ne kamar an kulle zuma a tulu.

"Ka ji nauyin ko?" Nicanor ya tambaya.

"Ai ban sa waƙa ba tukuna," in ji Tobo.

Ledis ta leƙo ta ce idan sun gama kashe kayan 'yarta, romo yana hucewa. Su biyun suka nufi tukunya. Tobo ya ja ƙofar shago, ya kira Yuranis ta bidiyo, yana raɗa kamar mai neman asiri.

"Baba, juya akwatin in ga bayansa," ta ce. "Ka ga ramuka biyun nan na sama? Nan wayar kwamfuta za ta shiga. Biyun ƙasa su ne mafita, ka kai su ga ƙananan, hagu da hagu, dama da dama. Wufa ta ɗebi nauyin, ta miƙa musu saura. Kowacce da soket ɗinta. Wancan maɓallin ƙara murya kuma, don Allah kada ka murɗa shi har ƙarshe."

"Ai abin da nake ta gaya musu ke nan tun farko."

"Na sani, Baba."

Ya haɗa, ya sa wata tsohuwar waƙar champeta. Ganga ta faɗo daga ƙarƙashin tebur ta bi ta tafin ƙafarsa ta hau har ƙirji. Tobo ya tsaya ƙiƙam, idonsa ya ciko da ƙwalla. Abokan suka shigo da kwano a hannu. Evaristo ya durƙusa ya ɗora tafinsa kan akwatin, ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai.

"Yaya ka yi?" Nicanor ya tambaya.

"Sirrin manya ne," in ji Tobo, ya murɗa maɓallin har ƙarshe.

Piko ba ya fita tsirara, don haka aka kira mai zane. Mutumin ya saba da allo mai faɗin bango, ga shi an ba shi akwatin da bai fi kujerar tsuguno ba. Ya matse kada iya matsewa. Da fenti ya bushe, duk wanda ya gani sai ya ce, "Kai, wannan ƙadangare ya yi kyau."

Ranar Lahadi aka yi bikin fito da shi. Tobo ya fitar da teburin bakin ƙofa, ya sa riga mai furanni, Ledis ta soya arepa, wainar masara mai ƙwai, aka zuba giya cikin ƙanƙara. Ya yi jawabi mai tsawo, ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi kan kwamfuta. A daidai lokacin, gidan da ke tsallaken titi, inda ake bikin cikar wata yarinya shekara goma sha biyar, suka tayar da pikon gaske da suka ɗauko haya. Ƙasa ta girgiza, karnuka suka shige ƙarƙashin motoci. Kadan Kogi yana ta iya ƙoƙarinsa, amma ko Tobo da ke tsaye a kansa ba ya jin sa.

Baƙinsa suka miƙe suka kama rawa. Tobo ya dube su, ya dubi tsallaken titi, sannan ya sunkuya ya ci gaba da murɗe-murɗe yana kaɗa kafaɗa daidai da kiɗan maƙwabta. Evaristo ya zo ya rungume shi yana ihu: "Compadre, ni ma yau na ji shi! Har cikin haƙorina!" Tobo ya karɓi yabon da hannu biyu.

Tun daga ranar ya koma zama a majalisar masu piko da ke haɗuwa a shagon kwanar titi. Suna ba shi kujera, don shi ke buga musu takardun talla. Yakan harɗe ƙafa ya ce, "Mu masu kaya mun san wahalar da muke sha." A shago kuwa, in Kada yana aiki injin fotokwafi rawa yake, fuskokin mutane su fito da hanci bibbiyu. Wata tsohuwa ta dawo masa da kwafin katinta, ta ce a ofishin fansho sun ce ba ita ba ce.

Tobo ya ɗaga takardar ya duba, ya dubi matar.

"Doña, ai a nan kin fi kyau."

Ledis ta fito daga kicin, ta zare soket ɗin wufa, ta tsaya riƙe da shi har ya sake buga wa matar wani.