Yadda Muka Ɗebo wa Filin Ƙwallonmu Ciyawa

Talata: Haɗeja zuwa bakin ruwa

Ƙarfe biyar da rabi, muna sallame sallar asuba, muka bar Haɗeja ni da Bukar a cikin a-kori-kurarsa. A baya akwai buhu arba'in babu komai a ciki, da shebur biyu, da diga, da igiyar da nake awon fili da ita har da turakunta. Ni ne Sale Gola, mai kula da filin ƙwallon garin nan. Da can ni ke tsaron raga, har gwiwa ta ce ta gaji. Aji huɗu na yi a firamare, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa, kada ya biyo ni gida.

Ga dalilin tafiyar, don na ji wasu na cewa kamun kifi muka je. Bana wasu 'yan kasuwa suka haɗa kai suka kafa mana kulob, za a shigar da shi gasar ƙwararru. Masu duba fili suka zo suka tattaka namu, suka ce wannan turɓaya ce. Suka ba mu wata biyu: ko su ga ciyawa, ko a kai wasanninmu na gida wani gari. Kulob ɗin da zai riƙa karɓar baƙi a Dutse ko Kano, ni ban san na wa ne ba. Shekara ashirin da shida ina sharar filin nan ina zuba masa toka a layi, ina jiran ranar da za a yanki tikiti a ƙofarsa. Gwiwata kuma ba za ta iya jelar mota duk mako biyu ba.

An fara sayo ciyawa daga Kano, irin ta gidajen masu hali. Mu kuwa mutanen shinkafa ne. Muka yi mata fangali-fangali, muka tayar da inji muka sake mata ruwa har idon sawu. Kwana tara ta ruɓe, fili ya ɗauki warin kududdufi. Da hannuna na ja kunyar, ba zan ɗora wa kowa ba. Ana cikin haka wani mai sayar da bandar kifi ya ba ni labarin wani tudu a tsakiyar fadama, inda ƙiri-ƙiri, ciyawar nan mai yaɗo, ya shimfiɗu kamar tabarma, shanu na taka shi kullum bai mutu ba. Na ce in dai ya jure kofato, takalmin ƙwallo ba zai ba shi tsoro ba.

Bukar Babarbare ne, abokina tun muna buga ƙwallon tsumma. Bai san komai a ƙwallo ba sai zagin alƙalin wasa, amma motarsa ba ta tsoron taɓo.

Ƙarfe shida da minti goma muka iso shingen jami'an tsaro. Wani jami'i ya haska bayan mota.

"Ina za ku da buhuna babu kaya?"

"Ciyawa za mu ɗebo," in ji Bukar.

"Ta dabbobi?"

"Ta 'yan ƙwallo."

Ya leƙo ya dube ni, ya ga furfura. "Baba, da gaske yake?"

Na ce da gaske yake. Ya ɗaga mana ƙarfe yana girgiza kai.

Ƙarfe bakwai muna Kirikasamma. Bukar ya ce kilomita talatin da 'yan kai muka yi, ƙashin bayana ya ce ƙarya yake. Muka sha koko da ƙosai mai zafi a bakin tasha. Daga nan muka sauka daga kwalta muka bi burji, burji ya ƙare muka bi sawun amalanke. Ruwa bai daɗe da ja da baya ba, hagu da dama ana yankan shinkafa. Sau biyu muka kafe, sau biyu masu yanka suka ajiye lauje suka tura mu. Ɗayansu da ya ji abin da ya fito da mu ya ce in za a ɗinka wa 'yan wasa riga, kada a yi ja, ja ba ta karɓar baƙin mutum. Na ce zan faɗa, ko da yake ba a shawara da ni.

Ƙarfe goma da kwata muka isa ƙauyen da ke bakin ruwa. Mai fito, Malam Haruna, ya tafi cin kasuwa da jirginsa, bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya ce kacalla, doguwar ciyawar ruwa, ta toshe hanyar kusa, sai an zagaya, don haka sai gobe. Ya sauke mu a zaurensa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, tarwaɗa a ciki kamar damtsena. Masu zuwa gaisuwa suka cika zauren, kowa da tambayarsa: za a ɗauki 'yan ƙauye? Mai horarwa daga ina? Wani tsoho ya ce shi dai a tabbata an ci Kanawa ko sau ɗaya, daga nan ko an rushe kulob ɗin bai damu ba. Muna idar da isha'i na kwanta.

Laraba: tudun shanu

Ƙarfe shida da kwata muka shiga kwalekwale. Bukar ya zauna a tsakiya ya riƙe gefe biyu, ya rufe ido, ya kama salati. Malam Haruna na tura jirgi da gora ta tsakanin kacalla da ta fi mutum tsayi, tsuntsaye na tashi a gabanmu gungu-gungu. Awa ɗaya da minti arba'in muka yi a ruwa.

Da muka kewayo wata kwana sai ga tudun. Mai kifi bai yi ƙarya ba. Kore shar, gajere, a kwance luf, babu ko tabo. Na cire takalmi na taka, ƙafata ta lume ta dawo. A nan hankalina ya bar jikina. Na hango rugar Fulani can gefe, na ga hayaƙi, amma ban nufe ta ba. Na ɗauko igiya da turaku, na kafa ɗaya da bayan diga, na ja igiya ina ƙirga taku, don in san yawan abin da zan yanka.

Ina kan turke na uku na ɗaga kai. Mutum bakwai a tsaye da sanduna. A gabansu wani dattijo siriri, rediyo rataye a kafaɗarsa. Shi ne Arɗo Buba, shugaban rugar.

"Wa ya sayar maka?" ya ce.

"Da me?"

"Da wurin nan. Shekara biyu da suka wuce da igiya aka fara, can gabas. Yau shinkafa ce a wurin, shanunmu sai sun zagaya kafin su sha ruwa."

Ni da bakina na ƙara ɓata abin. Na ce, "Ba noma zan yi ba, Arɗo. Yanke saman ƙasar kawai zan yi in tafi da shi."

Ɗaya daga cikin matasan ya gyara riƙon sandarsa.

"Cire turakunka ka koma jirgi," in ji Arɗo. Bai ɗaga murya ba.

Na sunkuya ina cirewa. Malam Haruna har ya fara juya kan jirgi, yana cewa shi ya ɗauka mun riga mun yi magana da su. Ni kuwa abin da nake gani a raina shi ne bas cike da 'yan wasanmu ta kama hanyar Dutse, ni ina tsaye a kan turɓaya da tsintsiya.

Sai ga Bukar ya fito daga jirgi, wando jiƙe har cinya, yana tangaɗi. Bai yi sallama ba. Ya wuce ni, ya je gaban Arɗo, ya zare malafar da ke kansa ya kifa a nasa.

"Kai bawana, haka ake tarbar ubangida? Ina nonona?"

Na ce a raina yau mun mutu. Na manta abin da kowa ya sani a ƙasar nan: tsakanin Babarbare da Bafillace akwai wasa tun kakanni, duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya ba a fushi, wanda ya yi fushi kuma shi ya faɗi.

Arɗo ya ƙura wa tsagar fuskar Bukar ido. Gefen bakinsa ya motsa.

"Ashe da bawa kuka zo. Wa ya kwance ka?"

"Ni na kwance kaina, na zo duba dukiyata. Shanun nan nawa ne, kiwo na ba ku. Ciyawar ma tawa ce."

"Babarbaren da ko akuya ba ta yarda ta bi shi? Dubi wandonka. Ruwa ne ko tsoro?"

Matasan suka fashe da dariya, sanduna suka koma kafaɗa. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin wata tsamiya, aka kawo fura da nono mai sanyi a ƙwarya. Bukar ya sha ya ce ta yi tsami, ya nemi ƙari.

Sannan na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na gaida Arɗo, na tambayi iyali da shanu, na ce na yi laifi, na shiga gidan mutane ba sallama. Na kwashe labarin fili da masu dubawa da ciyawar da muka kashe na faɗa masa. Ya saurara yana shafa rediyonsa.

"Ina jin ƙwallo a nan duk Asabar," ya ce. "Na haddace garuruwan Turawa da ba zan taɓa gani ba. In an buga a wurinku, za a faɗi sunan Haɗeja a ciki?"

"Za a faɗa, Arɗo. In a gida aka buga."

Sai Arɗo ya ce shebur da diga su zauna a jirgi. Ƙiri-ƙiri ba a yanka shi da ƙasa, jijiyarsa ake ja da hannu. A ciri danƙi ɗaya a nan, a yi taku goma a ciri wani, kafin wata ya rufe kamar ba a taɓa ba. Kada a kusanci bakin ruwa, don in saiwar kacalla ta biyo mu, sai mun shiga filin da jirgi. In mun je gida a gutsuttsura shi kamar tsawon yatsa a binne rabi.

"Kuma ku mutanen Haɗeja, ko dutse aka ba ku sai kun jiƙa shi. Yayyafi kawai, safe da yamma. In ya kama, a sa tumaki su cinye kansa, sai ya bazu ta gefe."

Mutanensa suka taya mu. Ni a durƙushe na yi aikin, gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da la'asar muna da buhu talatin da ɗaya, Arɗo ya ɗaga hannu ya ce ya isa, saura na shanu ne. Na tambaye shi abin da za mu yi masa.

"Ba a sayar da ciyawa. Amma ranar wasan farko zan zo. A ba ni kujera, bawan nan kuma ya tsaya a kaina da laima."

"Sai dai ka riƙe min takalmi," in ji Bukar. Da ƙyar ya mayar masa da malafar.

Sawu biyu Malam Haruna ya yi: ya kai na farko tun muna kan aiki, a na biyu muka iso kafin magariba. Muka jera buhuna a inuwa muka yayyafa musu ruwa, muka sake kwana a zaurensa.

Alhamis: gida

Ƙarfe shida saura kwata muka tashi. Sau ɗaya muka kafe. A shinge muka tarar da jami'in shekaranjiya, ya kwance bakin buhu ɗaya ya zura hannu, ya ciro jijiya da ƙasa.

"Wallahi ciyawar ce. Baba, a ajiye min wuri kusa da raga."

Ƙarfe goma da rabi muka shiga Haɗeja, ba mu tsaya ko'ina ba sai fili. Ban aika wa kowa ba, amma muka tarar da mutane sun fi hamsin: 'yan wasa, masu shayi, 'yan acaɓa, har da limamin unguwarmu da ya sha yi min faɗa kan ƙwallo. Kwana uku muna dashe. Makullin injin ban ruwa na sa a aljihuna, ko wanka zan shiga da shi nake shiga. Aka koma garwa da gwangwani mai huji.

Kwana goma na farko ciyawar ta yi ja kamar ta mutu. Shugaban kwamitin kulob ya riƙa zuwa sau uku a rana.

"Sale, ruwan nan bai yi kaɗan ba? A ɗan sake mata mana."

"Alhaji, ba shinkafa ba ce."

Ni ma na tsorata, ban dai nuna ba. Ranar sha biyu na durƙusa na ga ɗan kore na leƙowa daga gaɓa. A mako na huɗu muka aro tumaki goma sha biyar muka saka a ciki, mutanen gari suka ce na haukace.

Masu duba fili sun dawo ranar Litinin da ta wuce. Babbansu ya tsuguna a tsakiyar fili ya kama ciyawar ya ja, ba ta biyo shi ba. Ya sake ja. Ya tambayi kamfanin da ya yi mana aikin, Bukar ya ce bayinsa ne suka aiko da gaisuwa. Mutumin bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Ya ce kwanar arewa har yanzu da sanƙo, katanga ma a gyara ta. Sannan ya rufe takardarsa ya ce wasan gida a Haɗeja za a buga. Na je bayan raga na zauna a ƙasa, na daɗe ban tashi ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Haruna da iyalinsa, da masu yankan shinkafar da ban san sunayensu ba, da Arɗo Buba da na shiga wa gida da igiya ya sallame ni da buhu talatin da ɗaya. Na aika masa ta hannun Malam Haruna cewa kujerarsa na nan a layin gaba, ya taho da rediyon. Bukar ma na gode masa, ko da yake ya ce godiyata ba ta cika tanki.

Jiya na gan shi ya fito daga kasuwa da sabuwar laima, babba, mai ruwan kore. Ya ce don kansa ya saya.