Ƙofa Ɗaya a Magazar Tattasai

Magazar kawuna, wato ɗakin ajiyar kayansa, tana bakin garin Difa, ta ɓangaren da ke kallon gulbin Kumadugu. Ni ke riƙe da makullinta a shekarun da gari ya rikice, lokacin da aka hana hawa babur aka kuma sa dokar hana fita. Busasshen tattasai muke saye daga manoman Shetimari da ƙauyukan bakin gulbi, mu tara, kamiyo, wato babbar motar kaya, ya zo ya kwasa zuwa Damagaram.

Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, ƙofarsa ɗaya. Buhun da ya shigo, inda ɗan dako ya gaji nan yake sauke shi. Sabo ya hau kan tsoho har tuli ya kusa taɓa rufi. A tsakanin tulin akwai injinan ban ruwa da tiyo da komar kamun kifi, kayan mutanen Boso da suka gudo suka bar wa kawu amana. In mai saye ya ce na bara yake so, sai mun sauke na bana, mu ciro, mu sake mayarwa. Lodi ɗaya kan kai mu la'asar, direba yana ta duban rana kada a rufe hanya bai fita ba.

Ranar da abin ya faru ina can ƙurya ina nuna wa 'yan dako buhunan da za a ciro. Sai muka ji harbi daga wajen gulbi, yana ta ƙaruwa. Kowa ya yar da abin da ke kansa ya nufi ƙofa. Hanyar kuwa mutum ɗaya take ɗauka, shi ma a karkace. Wani ya yi tuntuɓe da tiyo ya dafa tuli, tulin ya zube tsakanina da su.

Duhu ya rufe ni. Garin tattasai ya tashi, idona ya ƙi buɗuwa, in na ja numfashi kamar garwashi nake haɗiya. Ina jin gudun mutane, ina jin kamiyo ya tashi ya tafi. Na so in yi kira, sai na tuna ban san wanda zai amsa ba. Na cusa riga a baki don kada tarina ya fita, na durƙusa bayan wani inji ina salati a zuci. Abin da na fi tsoro shi ne a cinna wa magazar wuta ina ciki.

Ashe harbin daga ƙetaren ruwa ne, ba wanda ya shigo gari. Da ƙura ta lafa, kawu da 'yan dako suka dawo suka janye buhuna har suka kai gare ni. Ko ƙwarzane ban yi ba. Amma daga ranar, in na buɗe ƙofa sai in tsaya a bakinta, gabana yana faɗuwa.

Kawu ya yi haƙuri da ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, ba a riƙe magaza daga waje."

Na ce, "Kawu, ƙafata ce ta ƙi."

Direban nan da ya gudu ya dawo ɗaukar sauran kayansa. Dattijo ne, yana kuma yin lodi a wani babban ma'ajin hatsi a garinsu. Ya leƙa ciki ya girgiza kai.

Ya ce wa kawu, "Alhaji, can layi ne aka ja a ƙasa, ba a ajiye komai a kansa. Abin da ya fara shiga shi ke fara fita. Buhu sau ɗaya ake ɗagawa. Ni ma tsayuwar nan a ƙofarku tana cin raina."

Ni dai layin nan kaɗai na ji, hanyar da ba abin da zai tare ta. Na roƙi kawu mu gwada.

Kayan mutanen Boso ne suka fara kawo gardama. Kawu ya ce, "Amana ce, ba shara ba." Muka yi musu rumfa a baya, muka ɗora su kan katako, na kowane gida a wurinsa. Sannan aka fito da buhunan duka waje. Na shiga ɗakin yana fili, na ja layi biyu da farar ƙasa, faɗin da mutum biyu za su wuce da kaya a ka. Na ce tuli kada ya wuce inda hannu ke kaiwa. Na bara kusa da ƙofa, na bana a bayansa. Muka fasa bangon ƙurya muka yi ƙofa ta biyu, ta nan kaya ke shiga, ta gaba su fita. Kawu ya ce ƙofa biyu gayyatar ɓarawo ce, amma ya sayi kwaɗo.

Da tuli ya gajarta, ɗakin ya daina ɗaukar abin da yake ɗauka a da. Dole muka koma sayen abin da kamiyo mai zuwa zai kwashe, sauran ya zauna wajen manoma sai an kira su. Wasu sun ji haushi suka kai wa wani. Amma tattasai ya daina ruɓewa a ƙasan tuli, lodi kuma yakan ƙare tun da hantsi.

Tsoron bai tafi ba. Wata rana ana tsakar lodi, tayar wata mota ta fashe a titi. Kafin a gane mene ne, duk mun fita, wasu ta gaba wasu ta baya, ba wanda ya taka wani. Ni aka samu bayan itacen dalbejiya, zaune a ƙasa. 'Yan dako suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kawu bai yi ba. Ya kawo mini ruwa a buta, ya tsaya kusa da ni har numfashina ya daidaita, sannan ya shiga da kansa ya ƙarasa lodin.