Zuwa Goronyo Kafin a Tsaga Balki

Daga Rabah

Ana idar da sallar asuba muka bar Rabah. Jikina bai gama farfaɗowa daga ruwan maganin sankara da ake saka mini a Sakkwato ba, amma ban iya zama ba. An ce mini Balki, ɗiyar ƙawata da ke aure a Goronyo, tana da ƙullutu a mama, kuma ranar kasuwa za a kai ta wurin mutumin nan mai ɗan asibitin kuɗi. Shi ne ya tsaga nawa har sau biyu yana cewa maruru ne, bai taɓa tura ni gwaji ba. Ko da na isa babban asibiti, sai cire maman aka yi. Na faɗi wannan a taron mata, na ambaci sunansa, kuma tun ranar ake ta yi mini aike in yi shiru.

Cikin masu aiken har da wan mijina, Yaya Sahabi. Shi ya sa da ya ce shi zai kai ni da motarsa, raina bai kwanta ba. Mutumin da ko kasuwa ba ya rage wa mutum hanya!

"Yaya, mi kaka nema Goronyo?"

"Tahiya dai, Hajara. Shiga."

Na shiga da ledar amai da goran ruwa, ina kallon ƙeyarsa.

Wurno

Hanya ba laifi, sai shingen jami'an tsaro guda biyu. A na biyu wata motar tafarnuwa ta tsaya kusa da mu, warin ya sa na yi amfani da ledata. Hantsi na fitowa muka shiga Wurno, sai na ga Yaya ya saki titi ya kutsa lungu. Ya tsaya ƙofar wani babban gida, na gane shi sarai: gidan Alhaji, baffan mutumin da ya tsaga ni.

A zaure aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Ban sha ba, kuma ba don ciwo kaɗai ba. Alhaji ya yi doguwar addu'a, sannan ya ce, "Ɗiyata, ƙaddara ta riga. Ki bar ma Allah, kas ki ɓata sunan gida."

"Baba, na yarda da ƙaddara. Shi kau ya bar tsaga mata, sai in yi shiru."

Ya sunkuyar da kai. Bayan labule na hangi matarsa, Hajiya, tana leƙe na. Na raya a raina cewa jinkirta ni ake yi har a wuce da Balki. Na miƙe na ce idan Yaya bai tashi ba, zan nemi mashin. Ya tashi.

Goronyo

Mun isa kafin azahar. Mijin Balki masunci ne, muka same shi yana gyaran koma a ƙofar gida. Ya gaishe mu da ladabi, amma ya kafe.

"Goggo, maruru ne. Likita ya ce a tsaga shi a huta. Sakkwato nisa, ga kuɗi."

Balki ma a ɗaki haka ta ce, tana wasa da bakin zane. Na gaji da magana. Na tura ƙofa, na cire kallabina ta ga kaina babu gashi, na ɗaga riga ta ga tabon. Ban taɓa nuna wa ko ƙanwata ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta fita ta yi wa mijin magana a hankali. Can na ji shi yana tambayar Yaya yaushe ake ganin likita a Sakkwato. Suka dafa mana shinkafa da kifi, na ci loma uku don kada su ji kunya. Balki ta ɗauko jakarta, za ta kwana wurina mu wuce Sakkwato tare.

Komawa

Bayan la'asar muka sake shiga Wurno, Yaya ya sake karya kan mota zuwa lungun nan. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Wallahi ba ni sauka."

"Ba a ce ki sauka ba."

Ƙofar gida ta buɗe. Hajiya ta fito da hijabi da ƙaramar jaka, ta shigo ta zauna gefena. Alhaji na tsaye a bakin zaure, yana kallon wani wuri daban. Sai da muka hau titi ta kamo hannuna a ƙarƙashin hijabinta, ta ɗora shi gefen ƙirjinta na hagu. Na ji ƙullutu mai tauri, da tabon tsaga a kai.

"Sau guda yat tsaga," in ji ta. "Ɗan ɗakina ne, shi as sa ban hwaɗi ba."

Mun iso Rabah ana kiran magariba, mu uku a baya. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na kuma gode wa Yaya Sahabi, ko da yake har yanzu bai faɗa mini tun yaushe ya san da ciwon Hajiya ba.