Kawu Ɗanlami da Madubin Sama

Kowa a Zangon Lome ya san ba a gaishe da Kawu Ɗanlami da tabarau a fuska. Kafin ka gama sallama ya zare shi, ya lanƙwasa ƙafarsa, ya mayar maka. Har liman bai tsira ba! "Malam, ya karkace. Ashe haka kake ganinmu?" Gyaran tabarau ne sana'arsa, amma nasa da zare yake ɗaure. In ka yi magana ya ce, "Gilashin ke gani, ba zaren ba."

Da 'yata Rakiya ta gama karatun kwamfuta, aka kira ta aiki Turai. Na ce ba za ta je ba. Ni a firamare na tsaya, abin da ban gane ba tsoro yake ba ni. Sai ta kai ƙarata wurin Kawu.

Ta yi masa bayani: wani madubin hangen nesa za a harba sama, ya ɗauko hoton duniyoyin da ke kewaya wasu taurari. Hasken tauraro yana rufe su, sai an tare shi. Zafi da sanyi kuma suna ɗan karkata madubin, abin da bai kai silin gashi ba, hoton ya lalace. Saboda nisa ba a jiran gyara daga ƙasa, ƙaramar kwamfuta ce a cikinsa za ta riƙa daidaita shi. A kan ita za ta yi aiki.

Kawu ya buga cinya. "Kai! Sana'ata ce! Ni za a sa a akwati a harba!"

Washegari da hantsi ya ja ni tsakiyar titin unguwar Hédzranawoé, ya tare rana da tafin hannu. "Idi, ka ga shirwar can kusa da ranar? Ɗazu ka gan ta?" Wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya taka birki. "Tsoho, kauce mana!" Kawu ko juyowa bai yi ba. "Kewaya, muna bincike!"

Na ce, "Kawu, na gani. Amma in ta yi kuskure fa? Can babu mai hawa ya gyara. Wahalar mutane ta lalace, alhaki a wuyanta."

Ya daɗe yana dubana. "Sau nawa kake komawa duba kwaɗon shagonka?"

"Uku."

"Ƙarya! Biyar, ina ƙirgawa. Ita ma haka take, ta gaje ka. To abin da ba a hawa a gyara, wa za a ba in ba 'yar mai ciwon nan ba?"

Tunda nake, ba wanda ya taɓa kiran damuwata abin amfani. Na sa mata albarka, ta tafi.

Kawu ya rasu ba a harba madubin ba. Rakiya ta yi kuka a waya har muryarta ta dushe. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da alherin da ni ba zan iya biya ba. Amin.