Ruwan Rakiyar Manhaja

A wani shagon kofi a birnin Plovdiv, ga wata dattijuwa, tabarau a goshi, yatsanta na shawagi a kan kwamfuta. Ga alama ita ke sakin sabon zubin wata manhajar kyauta, in kuwa ya fita da matsala, dubban mutane za su yi mata ca. Can sai ta miƙe, ta kwarara ruwa a bakin ƙofa, yadda ake yi wa matafiyi a al'adar garin don fatan sa'a.

"Goggo Tsvetana, kin jiƙa mini ƙofa, ki danna ki saki manhajar mana!" in ji mai shagon.

"Radko, yau wace rana?"

"Juma'a."

Ta rufe kwamfutar garam. "Allah ya kiyaye! In ta lalace, wa zai gyara ran Asabar? Ka tanadar mini ruwa ran Litinin."