Allon da Ba Ya Tashi Sai an Riƙe Shi

A Kurudu na yi yawancin hutun makarantata, gidan kakata ta wajen uwa, tun garin bai wuce gonakin doya da 'yan ɗakunan laka ba. Babana ma'aikacin gwamnati ne, gidanmu a cikin birni bai fi tafin hannu ba, saboda haka da an rufe makaranta sai a tattara mu a kai wa Kaka. 'Yar Gbagyi ce, gajeriya, ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba sai a kafaɗa. Hausarta kuwa a kasuwa ta tsince ta, ba ruwanta da mace da namiji, kowa “ya” ne a bakinta. Ni ne babban jikanta namiji, don haka “maigida” take ce mini, kuma kullum ƙorafinta ɗaya ne, wai ta auri rago mai cin tsiya.

Da an idar da magariba sai ta hura wuta a tsakar gida, ta tura doya cikin toka, mu kewaye ta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda Hausawa ke buɗewa. Cewa take, “Ku matso, kafin doya ya nuna zan gama.” Tana da labarai masu waƙa da masu ban tsoro, amma akwai wani guda da ba ma so ko kaɗan, shi kuma ta fi maimaitawa.

Wai wata mata ce ke da randa. In ta cika ta da safe ta tafi gona, kafin ta dawo babu ko ɗigo. Sai ta zauna ta rungumi randar, ta karkata ta tana neman inda ta tsage, yini guda ruwa bai ragu ba. Ta kira mai ginin tukwane, ya kama ya duba, ya ce randa lafiya lau. Mijinta ma ya kama ya duba, ya ce mata ta nemi abin yi. Ashe tsagar tana daidai wurin da kowa ke sa hannu in zai karkata randar. Tafin mai dubawa ne ke toshe ta.

Nan labarin ke ƙarewa, mu kuma mu yi ta tambaya, “To Kaka, sai ta yi yaya?”

“Ya zauna ya riƙe.”

“Har yaushe?”

“Har ya gaji, ya saki.”

Sai ta tono doya ta kankare baƙin da wuƙa. Mu dai muna ganin an cuce mu, labari ba kura, ba waƙa, ba wanda aka kama.

Na girma na karanci aikin lantarki. Bayan dawowar mulkin farar hula, lokacin da wayar hannu ta shigo kuma Abuja ta zama kamar ana zuba gine-gine daga sama, na sami aiki a wani ƙaramin kamfani a Wuse, a saman bene, ƙasanmu masu sayar da labule. Muna ƙera 'yar na'urar da ke tayar da janareta da kanta idan an ɗauke wuta. Duk wayonta yana cikin wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu jere da muke ce wa cip, shi ne ƙwaƙwalwar allon lantarkin da ke cikin na'urar. Allon da aka ba ni ya addabe ni. Ka ba shi wuta ya ƙi tashi, ko ya tashi ya sake mutuwa, ba ka san dalili ba.

Ogana ya aro mana emuleta wajen wani abokinsa da ke aikin bincike a Sheda. Akwati ce mai doguwar waya mai faɗi, bakinta da ƙafafu irin na cip sak. Ka kashe wutar allo, ka zare cip a hankali kada ƙafa ta lanƙwashe, ka duba ɗigon da ke nuna ƙafar farko don kada ka juya ta baibai, sannan ka zaunar da bakin emuleta a gurbinsa. Daga nan ita ce ƙwaƙwalwar. Kana iya tsayar da ita, ka sa ta tafi layi bayan layi, kana kallon duk abin da ke faruwa a ciki ta kwamfuta. Oga ya tsaya a kaina ranar farko yana cewa, “Habu, please, kayan mutane ne. In ka ƙona ta ni da kai mun shiga uku.”

Ban ƙona ta ba. Abin da ya faru ya fi haka ban haushi. Da emuleta a jiki, allon ba ya kuskure ko ɗaya. In na cire ta na mayar da cip, sai ya koma gidan jiya.

A cikin waɗannan kwanaki ne Inna Ladi, ƙanwar mahaifiyata da ke zaune da Kaka, ta kira ni. Ta ce, “Habu, Kakarka ba ta cin abinci. Sai dai ta juya fuska bango.” Ranar Asabar na hau mota na tafi. Na tarar da Kaka a zaune a ƙofar ɗaki, ta ɗaura sabon ɗankwali. Ta ce, “Maigida ya tuna da tsohon matarsa?” Aka kawo sakwara, ta ci tare da ni, har tana ture hannuna daga nama. Na koma Wuse, Inna Ladi ta sake kira, ta ce tun fitata ba ta sa komai a baki ba. Na dawo na kai ta asibiti, ina riƙe da hannunta likita ya auna duk abin da zai auna, ya ce tsufa ne kawai.

Ban ƙaryata Inna Ladi ba, don ina ganin wuyan Kaka yana ƙara tsawo. Amma a gabana ba ta taɓa barin loma ba.

Matsalar allon ta warware wata safiya. Akwai wata ƙafa a jikin cip da dole a riƙe ta da 'yar wuta kaɗan, in ba haka ba ya yi ta komawa farko. Wanda ya zana allon ya bar ta sake. Emuleta kuwa tana riƙe wannan ƙafa da wutar kanta, shi ya sa duk lokacin da na haɗa ta don neman ciwon, ita ce ke rufe shi. Na ɗauki ɗan rizisto da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda zai riƙa ba ƙafar 'yar wuta, na narka dalma na manna. Allon ya tashi da kansa. Oga ya yi ta buga bayana, ni kuwa randar Kaka ce ta faɗo mini, na ce a raina to ai ni ne hannun. Na nemi hutu a ranar.

Na tare a Kurudu, ina kwana a ɗakin da muka kwana muna yara. Safe da yamma nake zama ta ci. Ba ta yin tatsuniya yanzu, gidan ma ɗakunan haya sun kewaye shi, babu filin hura wuta. Da hutun ya zo ƙarshe na ce zan nemi ƙari, ta harare ni. “Tashi ka tafi aiki. Wane mace ne zai zauna da miji mai zaman banza?” Na tafi.

Satin bai ƙare ba Inna Ladi ta bugo waya, Kaka ta cika. Ina nannaɗe wayar emuleta za a mayar wa mai ita. Na ce innalillahi, na gama nannaɗewa, na rufe ƙafafun da murfinsu, na sa a kwali. A wajen jana'iza mutane na ta riƙe ni suna ba ni haƙuri, ni ban ji komai ba, ko kuka ko nauyin ƙirji. Na jira abin ya zo daga baya, bai zo ba. Shekaru na yi ina ɗauke da lissafi guda, cewa na saki, ruwa ya tafi, kuma ko wannan ɗin a bushe nake tuna shi.

Sai da na yi aure na haifi 'ya'ya, wata rana na kai wa Inna Ladi ziyara, hira ta biyo ta kan Kaka. Na ce da na ƙara hutun nan, wataƙila da ta ƙara kwana. Inna Ladi ta ce, “Kai har yanzu ba ka sani ba? Abincin nan azaba yake ba ta. In ta ci a gabanka, kana fita sallah za ta amayar, ta kwanta tana murƙususu. Ta hana ni faɗa. Ranar da ka koma aiki, motarka na tashi ta ce, ‘Alhamdu lillahi, maigida ya tafi. Ladi, ɗauke kwanon nan.’”

Na daɗe ina zaton darasin labarin shi ne mai dubawa kan ɓoye abin da yake nema, kuma a wajen aiki hakan ne, har yau ba na yarda da allo sai na gan shi ya tashi ba a haɗa shi da komai ba. Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne a gidan nan ita ce ke riƙe da ni. Duk lomar da nake murna ta haɗiye, don ni ta haɗiye ta, ni kuma ina ƙara mata miya.