Shekarar da Na Yi Kiwon Akuya Ɗaya

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai ɗauke shekarar korona, shekarar da ƙuguna ya ƙi ni a tsakar gidana a Dakoro.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa a gari ake ce mini mushe, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci. Kafin cutar, da ƙafa nake zuwa aji a bakin gari, in je masallaci, ranar kasuwa in zaga kara ina taya ragunan da ba ni da niyyar saye. Ban san wannan yawon ne ke riƙe da ni ba. Da aka rufe lakwal, aka hana taro, sai na ce hutu ya samu. Na shimfiɗa tabarma gindin bedi, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro, rediyo a kunne, shayi a gefe. Aikina ɗaya, gaya wa matata gishirin miya ya yi yawa. Tumbi ya fito har wando ya fara ƙorafi.

Wata safiya na sunkuya zan ɗauki buta, na ji ƙas a ƙugu. Na tsaya kamar mai ruku'u, na kasa miƙewa. Tsautsayi kuma sai atishawa ta kubce mini, maƙwabcina ya ji ta katanga. Kafin azahar labari ya kai har ƙauyen Korahane, wai korona ta shigo gari ta gidan mushe.

Abokan majalisa suka zo gaisuwa, amma daga waje. "Mushe, ya jiki? Kada ka fito, muna jin ka!" Wani ya jefo ƙullin tazargade kamar mai korar kare. Mai kawo mana ruwa ya ɗauke ƙafa. Ranar da na ji ana maganar mota za ta kai ni Maradi a killace, matata ta shige ɗaki tana kuka.

Majo, babban malamin asibitinmu, ya zo, hanci a rufe. Ya auna zafin jikina, ya danna ƙugun, na yi ƙara. Sai ya dubi ramin da jikina ya yi a rairayi ƙarƙashin tabarma.

"Mushe, yaushe rabonka da ƙofar gida?"

Matata ta riga ni. "Tun da aka rufe lakwal. Butar ma ranar ce kaɗai ban miƙa mashi ba."

"To ba korona ba ce, zama ne. Ka riƙa takawa bayan gari kullum, kai kaɗai."

Sai dai a garinmu magidanci ba ya tafiya haka kawai. Duk wanda na gamu da shi sai ya ce, "Me ya ɓace, Mushe?" In na ce jiki nake motsawa, ya girgiza kai. Nan da nan aka ce cutar ta hau ƙwaƙwalwa.

Matata ta kwance akuyarta ta miƙo mini igiya. "Riƙe. Mai akuya ba a tambayarsa ina za shi."

Akuyar nan ba ruwanta da ciwon ƙugu. In ta hango ganye sai ta fizge ni, ina bin ta ina salati. Wani makiyayi da garkensa ya dube mu da tausayi, ya ce, "Sannu, baba. Sauran fari ya cinye?" Na ce Allah dai ya kyauta. Kafin damina ta faɗi ƙugu ya saki, akuya ta yi ƙiba, ni na rame.

Abin da na koya shi ne, jiki ba baƙo ba ne da za a shimfiɗa wa tabarma a ce ya huta. Jaki ne: in ka daina ɗora masa kaya, kai zai harba.